Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar TETFund: Kududdufan Kuza Na Jos Da Mutanen Da Muke Turawa Ƙarƙashinsu

Zuwa ga Sakataren Zartarwa na Hukumar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da mambobin kwamitin Asusun Bincike na Ƙasa, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan Jos. Ba na cikin waɗanda ke da damar neman kuɗin bincike a wurinku, tunda ba a jami'a ko kwaleji nake koyarwa ba, saboda haka ba ƙoƙon bara na ɗauko ba. Roƙona shi ne ku buɗe wata 'yar ƙofa a cikin Asusun Bincike na Ƙasa, ku raɗa mata suna ƙarara: lafiyar masu nutso da binciken ƙarƙashin ruwa. Na san da jin haka wani zai yi murmushi ya ce me ya haɗa Jos da nutso, garin duwatsu da ba shi da teku ba shi da babban kogi. Ku ba ni aron hankalinku.

Shekaru kaɗan da suka wuce, washegarin ƙaramar Sallah, wani ɗalibina ɗan aji biyar ya bi abokansa yawon Sallah zuwa wani kududdufin kuza ta wajen Bukuru. Ya iya iyo, irin iyon yaron da ya koya a rafin Dilimi inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Abokan suka ce sun ga ya ɗago hannu sau ɗaya, suka zaci wasa ne. Kafin mu isa la'asar ta yi sakaliya, jama'a sun kewaye bakin ruwan kamar filin dambe, kowa na ba da shawara, babu mai shiga. Ban ga laifinsu ba, ni ma ban shiga ba. Can aka tura mai babur ya ɗauko wani dattijo, masunci ɗan ƙasar Yawuri da neman abinci ya kawo shi Filato tun yana saurayi, wanda duk mai unguwar da ruwa ya taɓa cin yaron unguwarsa ya san gidansa. Kayan aikinsa gajeren wando ne da igiyar guga. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya miƙa wa wani saurayi ɗaya bakin, ya ce in ya ji an ja sau biyu ya jawo shi, ya yi bisimilla ya nutse. Na daina ƙirga shigarsa da fitarsa bayan ta goma. Duhu ya kore mu. Sai da hantsin washegari ya fito da yaron, ya same shi a maƙale jikin wata tsohuwar wayar ƙarfe. Da ya zauna yana rawar ɗari sai na ga jini na bin kunnensa na hagu, ya sa bakin mayafin da aka rufa masa ya share kamar mai share gumi. Aka yi karo-karo aka ba shi abin da bai kai cefanen mako ba. Ya karɓa, ya yi wa mamacin addu'a, ya hau babur.

Bayan sadakar uku na neme shi har gida. Ya gaya mini cewa ruwan nan hawa biyu ne, na sama ruwa, na ƙasa kuwa kamar ƙanƙara, kuma daga gaba uku ido ya gama aikinsa, da hannu ake gani. Abin da ya faɗa ɗin nan shi ne masana tafkuna ke kira rabuwar ruwa hawa-hawa bisa zafi da sanyi, shi da fatar jikinsa ya gano shi. Ni kuwa a zangon karatun nan na koya wa marigayin lissafin matsin ruwa a kan allo, har ya ci tambayar a jarrabawa, amma da aka tambaye ni zurfin kududdufin da ya cinye shi sai na yi shiru. Na tambayi mutanen wurin. Wani ya ce bene mai hawa goma zai shige a ciki, wani ya ce ba shi da ƙarshe, wata tsohuwa ta ce wurin da masu shi. Babu wanda ya taɓa zura igiya mai awo.

Kududdufan nan ba Allah Ya haƙa su kamar tafkin Chadi ba, hannun mutum ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a Filato, mafi girmansu Amalgamated Tin Mines of Nigeria da ke da mazauni a Bukuru, suka yi ta yashe ƙasa da manyan injina da ruwan matsi. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 sauran aikin ya mutu, aka bar ramukan a buɗe, damina ta cika su. Ɗaruruwa ne, daga Rayfield zuwa Bukuru da Bisichi da Barikin Ladi. Tunda ramin ma'adini ne, ba shi da gangaren da kogi ke da shi, wanda yaro zai taka daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu har ya ji tsoro ya juya. Taku biyu a laka mai santsi, na uku babu ƙasa. A ƙasan kuma akwai abin da kamfanoni suka bari na ƙarafa da wayoyi. Duk da haka ruwan nan shi ke riƙe da noman rani na kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa da ake lodi zuwa Abuja, shi masu bulo ke ja, a nan ake wanki, a nan shanu ke sha. Wataƙila salak ɗin da aka ci jiya a Maitama da ruwan kududdufin kuza aka shayar da shi.

Kada a ɗauka matsalar Jos ce kaɗai. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife a Warra ta jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne a hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki, sannan Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a Oktoban 2024. Ku koma ku saurari rahotannin rediyo na kowanne, za ku ji jimla ɗaya tana maimaita kanta: masu ninƙaya na yankin suna ci gaba da neman gawarwaki. Su ne 'yan uwan dattijon nan nawa, Sarkin Ruwa da yaransa, Sarkawa da Nufawa da Kakanda da sauran 'ya'yan kogi. Ƙasa ta jingina da su gaba ɗaya, amma ba a tuna su sai an ga gawa na bukatar mai ɗaukowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma nahiyarmu ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Namu na Arewa kuwa yawanci ba sa shiga takarda ko ɗaya. An fito da gawa da hantsi, an yi sutura kafin azahar kamar yadda addini ya koyar, asibiti bai gani ba, ofis bai rubuta ba. Lissafin yana kan mai unguwa da limamin da ya yi sallar. Binciken farko da zan so ku biya kuɗinsa ke nan, kuma shi ne mafi arha: ɗalibai su bi unguwa-unguwa su tattara wa ruwa ya ci, ɗan shekara nawa, a wane kududdufi, a wane wata, yana me. Ina da yaƙinin ranakun Sallah da Kirsimeti da hutun makaranta za su fito fili, amma yaƙinin malamin sakandare ba ya sa gwamna ya kewaye kududdufi da waya. Alƙaluma ne ke sa shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk lokacin da aka yi babban haɗari akan ji kira cewa a saya wa 'yan kwana-kwana da masu agajin gaggawa kayan nutso na zamani. Kiran yana da kyau, amma tukunyar iska ba rigar ruwa ba ce da za a raba a bakin kogi a ɗauki hoto. Mai nutso da numfashin ƙirjinsa, irin dattijona, haɗarinsa sananne ne: sumewa idan ya daɗe, musamman in ya yi ta zuƙar iska da sauri kafin ya shiga don ya ƙara lokaci, fashewar dodon kunne, maƙalewa a waya ko komar kamun kifi, sanyi, da tsargiya da ke shiga ta fata. Ranar da aka ɗora masa tukunya a baya ba tare da horo ba, an ƙara masa wasu hanyoyin mutuwa da kakanninsa ba su sani ba. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya firgita ya riƙe numfashi ya taso, iskar da ke ƙirjinsa za ta ninka girma kafin ya iso sama, huhu ya yage. Al'adar riƙe numfashi da ta raya masunci shekara arba'in ita ce za ta kashe shi a ranar farko. Sannan ga naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi yakan narke cikin jini da tsoka, idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar ta tsaya a gaɓa ta zama ciwo mai tsanani, ta tsaya a lakar gadon baya ta zama shanyewar ƙafafu. A ƙauye za a ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, a kai shi wurin mai magani, lokacin ceto ya wuce. Ga kuma injin cika tukunya, idan ya zuƙi hayaƙin janaretan da ke kusa da shi, mutum guba zai shaƙa a ƙasan ruwa.

Turawa ma ba da wayo suka san wannan ba, da gawarwaki da kuɗin bincike suka sani. Rundunar sojan ruwan Ingila ce ta ɗauki nauyin aikin John Scott Haldane, wanda ya yi gwaji da awaki a ɗakin matsin iska har ya fitar da jadawalin tasowa daki-daki a 1908. Daga wannan tushe aka gina jadawalan da ke gaya wa mai nutso minti nawa zai yi a zurfi kaza da inda zai tsaya ya huta kafin ya fito. To ga inda Jos ta shigo. Jadawalan gama-gari an yi su ne don bakin teku, kuma ƙa'ida ita ce da zarar wuri ya haura mita 300 a tudu sai an yi musu gyara. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Iskarmu ba ta wuce kusan kashi 87 cikin 100 na nauyin ta Legas ba, don haka mai nutso yana fitowa ne zuwa matsin da ya fi sauƙi, kumfa ta fi saurin tashi. Nutson mita 20 a Rayfield sai a lissafa shi kamar na mita 23 a bakin teku, kuma mita ukun nan suna rage mintuna masu yawa. Mutanen Suwizalan sun ci karo da wannan a tafkunan kan duwatsunsu, shi ya sa Albert Bühlmann na Zurich ya shafe shekaru yana bincike har lissafinsa ya zama abin da agogon nutso da yawa ke aiki da shi a yau. Ilimin yana nan, ba sai mun ƙirƙiro ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai kawo shi bakin kududdufinmu, ya gwada shi da sanyin ruwanmu na hunturu da duhunsa, ya koya wa mutanenmu da harshen da suke ji.

Akwai ma wani abu da ban taɓa jin an yi maganarsa ba sai da na zauna na yi lissafi. Ana gargaɗin mai nutso da tukunya kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso guda, ko awa 18 idan ya yi ta shiga, saboda raguwar matsi a sama. To mutumin da aka ɗauko ya yi aiki da safe a dam ɗin Usuma da ke Abuja ko wani ruwa na ƙasa-ƙasa, ya shiga mota da yamma ya kamo hanyar Akwanga, ya haye Hawan Kibo zuwa Jos, me ya bambanta shi da wanda ya hau jirgi? Jikinsa bai san mota ko jirgi ba, raguwar matsi ya sani. Wannan tambaya ce ta digirin digirgir, kuma a kan hanyarmu take kwance.

Idan kumfar ta riga ta tashi, agajin farko shi ne tsantsar oksijin, magani kuma shi ne a mayar da mutum cikin ɗakin matsin iska a sassauta masa a hankali. 'Yan Najeriya da yawa sun ga irin wannan aiki a labarin Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon 4 da ya kife a gaɓar tekunmu a Mayun 2013. Ya yi kusan awa 60 a wani ɗan lungu mai iska a zurfin kimanin mita 30, masu nutson da suka zo ɗaukar gawa suka tarar da shi da rai. Da sun fito da shi kai tsaye da sun kashe shi da hannunsu. Sai suka sa shi a ƙararrawar nutso, wato akwatin ƙarfe mai riƙe matsin iska da ake sauke masu nutso a ciki, daga nan ɗakin matsi, ya ƙara fiye da kwana biyu kafin ya ga rana. Ikon Allah ne, kuma Allah Ya yi ikonsa ta hannun mutanen da aka horar da kayan da aka tanada, domin a yankin aikin man fetur abin ya faru. Inda mai yake, nan kayan suke. Ƙa'idojin aikin nutso da aka fitar a Najeriya a 2018 ma, waɗanda ke cin moriyarsu a aikace su ne masu nutson kamfanoni. Daga Jos zuwa bakin teku tafiyar yini ce cur a mota, ga mutumin da ƙafarsa ke mutuwa awa bayan awa.

Za a ce ɗakin matsi yana da tsada, ga masu nutso kaɗan, zai zauna yana tsatsa. A nan ina ganin an yi kuskuren lissafi. Da ɗakin nan ake jinyar wanda ya shaƙi gubar hayaƙi mai tsanani, kuma duk ɗan Jos ya san yadda ake kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe idan sanyin Disamba ya kankama, ban da janareta da ake sawa a baranda. Ana kuma amfani da shi ga wasu gyambunan ƙafar masu ciwon suga da suka ƙi warkewa. Idan aka ajiye shi a asibitin koyarwa, ƙarƙashin likitocin da aka tura suka koyo, mai nutso zai zama ɗaya ne kawai daga cikin masu shigarsa.

Ban so a fahimce ni cewa duk maganar ta ceto da gawa ce. Ƙasan ruwanmu cike yake da tambayoyin kimiyya da ba a taɓa ba. Malaman jami'o'inmu sun daɗe suna auna tururin nukiliya a tarin yashin da haƙar kuza ta bari, saboda ma'adinin monazait da ke ɗauke da toriyom. To lakar da ta kwanta a ƙasan kududdufi shekara hamsin fa, wadda injin ban ruwa ke tayarwa idan ruwa ya ja baya a watan Maris? Sai an ciro ta daga ƙasa, hawa-hawa, kafin a san abin da ke cikinta. Manyan dam-dam ɗinmu, Kainji da Shiroro da Tiga da Goronyo da Dadin Kowa, kowace damina yashi na ƙara cike su, kuma ba a sanin ruwan da ya rage sai an zana taswirar ƙasansu. Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ya shanye Maiduguri. Rabin jikin kowane dam a cikin ruwa yake, inda injiniya mai takalmi ba ya gani, kuma aikin duba shi na daga cikin nutso mafi haɗari, domin 'yar kafa a ƙofar dam tana tsotsar mutum da ƙarfin da igiya ba ta ƙwato shi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga abin da tafki mai shiru ke iya ɓoyewa: a Agustan 1986 tafkin Nyos ya amayar da iskar da ta taru a ƙasansa, ta kashe mutum fiye da 1,700 a dare ɗaya. Binciken zurfin tafkin ne ya kai ga dasa bututun da ke fitar da iskar a hankali tun 2001. Ga masu sha'awar tarihi kuma, tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Wannan na ambata ne don daɗin baki, ba shi ne na gaggawa ba.

Da yawa daga wannan aiki ba ya ma bukatar a jefa ɗan Adam cikin ruwa, kuma ni a ganina duk takardar neman tallafi da ba ta fara da na'ura ba a ajiye ta gefe. Na'urar auna zurfi da amon sauti, wadda ake ɗaurawa a kwale-kwale, za ta zana ƙasan kududdufi a yini guda. Akwai ƙaramar na'ura mai kyamara da fitila da ake tuƙawa da waya daga bakin ruwa, kuɗinta bai kai na motar ofis ɗaya ba. Da akwai taswira da irin wannan na'ura a ranar nan, da dattijona ya shiga sau biyu maimakon sau ashirin, da wataƙila kunnensa na nan.

Me ya sa ku, ba wata hukuma ba? Akwai cibiyar binciken teku a Legas, akwai ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, akwai hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida mai hedikwata a Lakwaja, an kuma kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023. Kowacce da gonarta. Amma tambayar da na kawo ta ratsa gonaki da yawa, rabinta likitanci, rabinta injiniyanci, da ɗan ilimin ƙasa da na zamantakewa, irin tambayar da kowa ke cewa ta maƙwabcinsa ce. Ku ne ke da asusun da ya tanadi gurbi ga binciken da ya haɗa fannoni, ku ne kuma jami'o'i ke sauraro. Malamin jami'a inda aka ce akwai kuɗi nan yake duba. Muddin ba a rubuta nutso da ƙarƙashin ruwa a jerin abin da kuke nema ba, mai hankali ba zai ɓata wata uku yana rubuta takarda a kai ba. Ƙungiyoyin waje irin su Divers Alert Network, da aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, suna tallafa wa binciken lafiyar nutso, amma idonsu na kan teku da masu nutson shaƙatawa, ba su san kududdufin kuza ba, kuma ba laifinsu ba ne.

In kun yarda za ku buɗe ƙofar, ina da sharuɗɗan da zan roƙa, ko da yake mai roƙo ba ya kafa sharaɗi. Tallafin ya zama na shekara uku zuwa sama, domin ruwa sai an gan shi a damina da rani da hunturu, sau fiye da ɗaya. A sa kuɗin gyara da gwajin kayan aiki a ciki tun farko. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiya na ga tukwanen iska sababbi fil a cikin kwalinsu, robar bakinsu ta bushe ta tsattsage, babu injin cika su, babu wanda ya san shekarar da aka kawo su. Kada a saki ko kwabo ga aikin da za a sa mutum a ruwa sai an ga takardar horonsa, da tukunyar oksijin a bakin ruwa, da rubutaccen tsarin inda za a kai shi idan abu ya faru, da inshorar ransa. Babban roƙona kuwa shi ne masu nutson gargajiya su shiga aikin a matsayin ma'aikata masu albashi da suna a rahoto. Na ga yadda ake yi: a zo da takardar tambayoyi, a kwashe abin da dattijo ya tara a shekara arba'in, a ba shi kuɗin goro, a je a karɓi ƙarin girma da shi. A duba kunnuwansu da ƙirjinsu da fitsarinsu kyauta, wannan kansa bincike ne. A koya musu farfaɗo da wanda aka tsamo, domin har yau a bakin ruwa danna ciki ake yi ana juya mutum a fitar da ruwa, alhali numfashi yake bukata a hura masa da danna ƙirji. Sakamakon kuma kada ya tsaya a mujallar da ake biya da dala kafin a karanta. A faɗe shi a rediyo da Hausa da Birom da Nufanci, a kafa allo a bakin kowane kududdufi da aka auna, a rubuta zurfinsa da lamba. Yaron da ya ga an rubuta mita 18 ya fi jin tsoro a kan wanda aka ce masa akwai aljana, domin aljana ya riga ya ji abokinsa ya shiga bai gan ta ba.

Na san abin da za a ce a teburin taro: ƙasa na fama da yunwa da rashin tsaro da zazzaɓin cizon sauro, ina ake da rarar kuɗin nutso. Ba na musun nauyin waɗannan. Amma ban nemi a taɓa kasonsu ba, abin da nake magana a kai bai kai kuɗin ginin zauren lacca guda ba, kuma ruwan da za a bincika shi ne na noman rani da wutar lantarki da famfon gari. Wasu kuma a nan gida sukan ce mini, Malam, wanda ruwa ya ci ai kwanansa ne ya ƙare, kuma ya yi shahada. Haka ne, muna kuma fatan Allah Ya karɓi shahadarsu. Sai dai an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma babu malamin da ya ce a tura dattijo da igiyar guga cikin ramin da ba a san zurfinsa ba alhali ana iya aunawa.

Dattijon yana nan da ransa, kunnen hagu ya daina ji, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Bara ma an zo an ɗauke shi sau uku, sau ɗaya cocin wata unguwa ce ta aiko, bai tambayi ɗan wane ne ba. 'Ya'yansa sun ƙi gadon sana'ar, ɗaya na tuƙa Keke Napep, ɗaya na sayar da gwanjo a Terminus, kuma ban ga wanda zai zarge su ba. Idan kwamitinku zai turo wakili, ya zo a watan Janairu da sassafe, ya sa hannu a ruwan ya ji. Zan kai shi kududdufin da kaina. Na riga na fara nawa binciken da abin da albashina ya iya: na sayi igiya, na ƙulla mata alama kowace mita, na ɗaura dutse, na roƙi wani mai kwale-kwalen kamun kifi ya kai ni tsakiya. Igiyar mita 15 ce, ta ƙare dutsen bai taɓa ƙasa ba.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Fiziks,
Jos, Jihar Filato.